'Yan damben zamani da tauraronsu ya dushe da wuri: tambayoyi da amsoshi

Duk mai bin damben zamani ya san irin wannan labari. Yaro ya taso kamar wutar daji, ana ta cewa ba a taɓa ganin irinsa ba, amma kafin ya kai shekara 28 an daina ambatonsa, ko kuma ana ambatonsa ana girgiza kai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi tasowa a majalisa da gidan kallo idan hira ta biyo ta kan waɗannan bayin Allah. Inda nake da ra'ayi ban ɓoye shi ba.

Me ake nufi idan an ce ɗan dambe ya ƙare da wuri?

Hanyar ba ɗaya ba ce. Akwai wanda ajali ya ɗauke yana kan ganiyarsa. Akwai wanda aka fitar daga fage a sume, bai sake zama mutumin da aka sani ba. Akwai wanda kurkuku ta cinye ƙuruciyarsa. Sai rukunin da ya fi kowanne yawa, kuma shi aka fi mantawa da shi: mutum yana nan yana shiga fage, sunansa na jikin fosta, amma ƙafa ta yi nauyi, ido ya daina hango naushi kafin ya iso, dukan da a da yake shanyewa yanzu yana kai shi ƙasa. A takarda shekararsa 27, jikin kuwa na ɗan 40 ne.

Ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Me ya sa fara dambe da wuri ya zama matsala?

Koyo da wuri alheri ne. Abin da ke ɓata yaro shi ne fara shan dukan manya tun ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Tsofaffin masu horarwa ba sa ƙirga shekarun ɗan dambe da ranar haihuwa, da yawan turmin da ya yi suke ƙirgawa, da irin mutanen da ya yi turmin da su.

Babu misalin da ya kai na Wilfred Benítez na Puerto Rico. Mahaifinsa Gregorio ne ya horar da shi tare da yayyensa biyu. Ya shiga damben kuɗi a 1973 yana ɗan shekara 15. A watan Maris na 1976, yana da shekara 17, ya doke Antonio Cervantes na Kolombiya, gogagge mai riƙe da kambun duniya na ajin kilo 63 da rabi. Har yau babu wanda ya ci kambun duniya da ƙarancin shekaru irin nasa. A 1979 ya ƙwace na ajin kilo 67 daga hannun Carlos Palomino, a 1981 ya buge Maurice Hope ya ɗauki na kilo 70. Kambu uku a aji uku, yana da shekara 22. Ana masa laƙabi da Radar, domin sai ya jingina da igiya, hannuwa a ƙasa, abokin karawa ya yi ta kai naushi yana dukan iska. A Janairun 1982 ya doke Roberto Durán da maki, a Disambar shekarar Thomas Hearns ya karɓe kambun.

Daga nan sai gangara. Yana da shekara 24 kacal, amma ya riga ya yi shekara tara yana karawa da manyan maza, ga shi an san shi da rashin son atisaye, baiwa ce kawai ke ɗauke da shi. Ran da saurin idon ya ragu, babu abin da ya rage ya kare shi. A 1986 aka buge shi a Ajantina, ya maƙale a ƙasar fiye da shekara guda babu kuɗin komawa gida. Bai bar dambe ba sai 1990. Ciwon ƙwaƙwalwa ya biyo baya, ya kwantar da shi shekara da shekaru, 'yar'uwarsa ce ke ɗawainiya da shi.

Da gaske ne wasa ɗaya na iya gama mutum?

Da gaske ne, kuma ba lallai sai an fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ba.

Meldrick Taylor ɗan Philadelphia ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1984 yana da shekara 17. Hannunsa kamar walƙiya. Ranar 17 ga Maris 1990 a Las Vegas ya haɗu da Julio César Chávez na Meziko, wanda ya yi wasa 68 ba a taɓa doke shi ba. Taylor na zuba naushi uku huɗu kafin Chávez ya mayar da ɗaya, amma ɗayan nan na Chávez kamar taɓarya yake sauka, a haƙarƙari da fuska. Da aka shiga turmi na 12 alƙalai biyu cikin uku sun ba Taylor rinjaye mai faɗi. Da ya yi ta zagaya fage na minti uku, da ya ci. Amma mutanen kusurwarsa suka ce masa yana bukatar wannan turmin, sai ya tsaya ana ba-ni-in-ba-ka.

Saura 'yan daƙiƙoƙi, naushin hannun dama na Chávez ya same shi a kusurwa, ya zube. Ya kama igiya ya miƙe. Alƙalin wasa Richard Steele ya gama ƙirga, ya matso har fuskarsa ya tambaye shi ko yana lafiya, ya sake tambaya. Taylor bai amsa ba, idonsa ya karkata wajen kocinsa Lou Duva da ke hawowa bakin fage. Steele ya ɗaga hannu ya tsayar da wasa, saura daƙiƙa biyu a kaɗa ƙararrawa.

Har gobe ana musu a kan daƙiƙa biyun nan. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da likitoci suka tarar a asibiti: ƙashin gefen ido ya karye, ya haɗiyi jini mai yawa, yana fitsarin jini. Shekararsa 23. Ya sake cin kambu a 1991, amma wanda ya kalli wasanninsa na 1992 da Terry Norris da Crisanto España ya san ba Taylor ɗin da aka sani ba ne. Ya ci gaba har 2002, lokacin da maganarsa ta riga ta fara sarƙewa.

To laifin wa ne idan aka haɗa yaro da wanda ya fi ƙarfinsa?

Ɗan dambe na gaske ba ya cewa a'a. Idan aka tambaye shi ko zai kara da wane, cewa zai yi a kawo shi gobe. Saboda haka nauyin yana wuyan manaja da koci da mai shirya wasa, kuma dukkansu sai an yi wasan suke samun nasu kason. A nan matsalar take.

A shekarar 2000 kaɗai Félix Trinidad na Puerto Rico ya taka samari biyu da aka yi wa gaggawa. David Reid ya ci zinaren Olamfik a 1996, ya ci kambun duniya a wasansa na 12, aka tura shi gaban Trinidad a wasansa na 15, alhali yana fama da fatar ido da ke saukowa ta rufe masa gani. Ya kai Trinidad ƙasa a turmi na uku, daga baya shi aka kai ƙasa sau huɗu. A 2001 ya bar dambe yana da shekara 28. Fernando Vargas kuwa yana da shekara 22 aka haɗa su a Disambar 2000. Sau biyar ya faɗi a daren, biyu a turmin farko, uku a na ƙarshe. Kafin ya cika shekara 30 ya jingine safar hannu.

Kafin su akwai Davey Moore na New York, wanda ya ci kambun kilo 70 a wasansa na tara. A Yunin 1983, da wasa 12 kacal a bayansa, aka sa shi gaban Durán mai wasa kusan 80. Tun da wuri idonsa ya kumbura ya rufe, aka bari ana jibgarsa har turmi na takwas. Duk wanda ya kalli wannan wasan zai ji yana so ya shiga ya raba da kansa.

Mene ne ainihin abin da ke faruwa a cikin kai?

Ƙwaƙwalwa ba a manne take da ƙoƙon kai ba, tana zaune ne cikin ruwa. Idan naushi ya sauka a haɓa, kai ya juya da ƙarfi, sai ta girgiza ta bugi ƙashi, zaruruwan da ke cikinta su miƙe fiye da ƙima. Illar iri biyu ce. Ta farko ta gaggawa: jijiyar jini ta tsinke, jini ya taru tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙo yana danne ta, kuma idan ba a buɗe kai an cire shi cikin hanzari ba, mutuwa ce ko naƙasa. Ta biyu a hankali take zuwa, bayan dubban ƙananan duka: mantuwa, sarƙewar harshe, rawar hannu, tafiya kamar mai maye, saurin fushi. Tun 1928 wani likita a New Jersey, Harrison Martland, ya bayyana wannan ciwo a jikin tsofaffin 'yan dambe, ya kira shi da sunan da su kansu ke kiransa, wato maye na naushi. Yau likitoci na ce masa CTE.

Abu biyu mutane ba su cika lura da su ba. Safar dambe hannu ta fi karewa, domin tana ba mutum damar dukan kai da dukkan ƙarfinsa ba tare da yatsunsa sun karye ba. Sannan yawancin dukan da ɗan dambe ke sha a rayuwarsa ba a gaban 'yan kallo yake shan sa ba, a damben gwaji ne na wurin atisaye, inda babu likita babu alƙali. Ƙara da wahalar rage nauyi, inda mutum zai ƙi shan ruwa ya yi ta zufa don ya hau sikeli daidai, sai ka ga jiki ya shiga fage a gajiye tun ba a fara ba.

Waɗanda aka fitar daga fage a sume fa, me ya same su daga baya?

Wasanni biyu da aka yi a Landan sun isa misali.

Ranar 21 ga Satumba 1991, Michael Watson ɗan shekara 26 yana gaba a kan Chris Eubank, har ya kai shi ƙasa a turmi na 11. Eubank ya tashi ya saki naushi ɗaya daga ƙasa, Watson ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta bugi igiya. Aka tsayar da wasa a farkon turmi na 12, ya zube a kusurwarsa. Ba a ba shi taimakon numfashi yadda ya kamata a bakin fage ba, kuma asibitin farko da aka kai shi ba ya aikin tiyatar ƙwaƙwalwa, sai da aka sake ɗaukarsa zuwa wani. Ya yi kwana 40 a doguwar suma, aka yi masa tiyata shida. Ya kai hukumar damben Birtaniya ƙara, kotu ta ba shi gaskiya a 1999. Wannan shari'a ta sa aka tsaurara ƙa'ida: likitoci masu iya farfaɗo da mutum da motar asibiti a bakin fage, da asibitin ƙwaƙwalwa a kusa wanda aka sanar da shi tun kafin wasa. A 2003 Watson ya taka tseren gudun fanfalaki na Landan da ƙafarsa, kaɗan-kaɗan, cikin kwana shida.

Gerald McClellan na Amurka yana cikin masu nauyin hannu a zamaninsa. Ranar 25 ga Fabrairu 1995 ya jefa Nigel Benn waje ta tsakanin igiyoyi tun a turmin farko, ya sake kai shi ƙasa a na takwas. Amma idan ka kalli bidiyon ka zuba wa fuskar McClellan ido, za ka ga robar haƙoransa na leƙowa daga baki yana neman numfashi, yana ta ƙifta ido ba ƙaƙƙautawa kamar wanda ƙura ta shiga wa. A turmi na 10 ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya tashi, ya sake durƙusawa, yana kallon alƙali har aka gama ƙirga. Wasu a lokacin cewa suka yi ya karaya. Ashe jini ne ke taruwa a kansa. An yi masa tiyata a daren, ya rayu, amma ya makance, jinsa ya ragu ƙwarai, tunaninsa ba ya riƙe abu. Shekararsa 27. Ƙanwarsa Lisa ce ta ɗauki nauyinsa a garinsu Freeport na jihar Illinois. Tun daga ranar da na fahimci abin da ƙifta idon nan ke nufi, na daina saurin kiran wanda ya durƙusa matsoraci.

Me ya sa wasan kambun duniya ya koma turmi 12 bayan a da 15 ne?

Ranar 13 ga Nuwamba 1982 a Las Vegas, Ray Mancini ya buge Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu a turmi na 14. Kim ya rasu bayan 'yan kwanaki. Hukumar damben duniya ta WBC ta rage wasanninta zuwa turmi 12, sauran manyan hukumomi suka biyo baya kafin ƙarshen shekarun 1980. Mahaifiyar Kim ta kashe kanta bayan 'yan watanni, haka ma alƙalin wasan, Richard Green, a 1983. Mancini, wanda shekararsa 21 a lokacin, ya rasa kambunsa a 1984, ya sanar da ritaya a 1985 yana da shekara 24, ko da yake ya dawo sau biyu daga baya bai yi nasara ba.

A shekarar nan ta 1982 ɗin dai, a watan Yuni, wani ɗan Najeriya da ake kira Young Ali ya kara da Barry McGuigan a Landan. Aka buge Young Ali a turmi na shida, ya shiga doguwar suma, ya rasu bayan watanni. Da McGuigan ya ci kambun duniya a 1985, ga Young Ali ya sadaukar da nasarar.

A cikin waɗanda ajali ya yanke wa hanya, wa aka fi jimami?

Masana da yawa za su ce Salvador Sánchez na Meziko. Ya karɓi kambun WBC na ajin kilo 57 daga Danny Lopez a Fabrairun 1980, ya kare shi sau tara, ciki har da bugun da ya yi wa Wilfredo Gómez a turmi na takwas a 1981. Wasansa na ƙarshe ya shafe mu a Afirka ta Yamma. Ranar 21 ga Yuli 1982 a Madison Square Garden aka kawo masa wani ɗan Ghana da ba a sani ba, mai wasa 13 kacal, wanda aka kira a ƙurarren lokaci don ya cike gurbi. Yaron ya hana shi sakat har turmi na 15 kafin a tsayar da wasa. Sunansa Azumah Nelson, wanda ya ci kambun a 1984 ya zama gwarzon da Afirka ke alfahari da shi. Sati uku bayan wasan, ranar 12 ga Agusta, Sánchez ya rasu a haɗarin mota yana da shekara 23.

Masao Ohba na Japan shi ma a shekara 23 ya rasu a haɗarin mota, a Janairun 1973, yana riƙe da kambu. Idan aka koma baya sosai akwai Battling Siki, haifaffen Saint-Louis a Senegal, wanda ya buge Georges Carpentier a Paris a 1922, aka tsinci gawarsa da harbin bindiga a wani titin New York a Disambar 1925, yana da shekara 28.

Ina labarin ɗan Najeriyar nan da aka ce da ya zama zakaran masu nauyi?

Ike Ibeabuchi ke nan, wanda ake wa laƙabi da Shugaban Ƙasa. Ya koma Dallas a Amurka a 1993. Ranar 7 ga Yuni 1997 ya kara da David Tua, wanda ya yi wasa 27 ba a doke shi ba kuma kowa ke tsoron hagunsa. Turmi 12 suka yi ƙirji da ƙirji, suka jefa naushi 1,730 a tsakaninsu, adadin da ya kafa tarihi a ajin masu nauyi. Ibeabuchi ya ci da maki. A Maris na 1999 ya buge Chris Byrd a turmi na biyar, mutumin da kowa ke kukan ba a iya samunsa da naushi, wanda kuma daga baya ya ci kambun duniya. Zuwa lokacin Ibeabuchi ya yi wasa 20, nasara 20, 15 daga ciki bugun kwaf ɗaya.

Amma tun bayan wasan Tua ya fara kukan ciwon kai mai tsanani, hoton da aka ɗauka a asibiti bai nuna komai ba, halayensa kuma suka canza. Watanni kaɗan bayan wasan ya ɗauki ɗan tsohuwar budurwarsa a mota ya afka wa ginshiƙin siminti a Texas, yaron ya samu naƙasa ta dindindin. Ya yi ɗaurin 'yan watanni, ya fito, aka mayar da shi fage. A Yulin 1999 aka kama shi a wani otal a Las Vegas bisa zargin cin zarafin wata mata. Likitoci suka tabbatar yana da taɓin hankali, kotu ta ɗaure shi, ya shafe fiye da shekara 15 a tsare. Shekararsa 26 lokacin da aka kama shi.

Idan ana wannan hira, yawanci kambun da ya kuɓuce ake jimami. Ya kamata a tuna da yaron nan da matar nan, su ma rayuwarsu aka taɓa. Kuma a tuna cewa alamun rashin lafiya sun bayyana ƙarara tun 1997, a gaban mutanen da ke kewaye da shi, amma wasan gaba aka shirya masa.

Mike Tyson yana cikin wannan sahu? Ai ya daɗe yana dambe.

Ya daɗe, amma Tyson ɗin da ake ba da labari bai wuce shekara uku zuwa huɗu ba. Ya ci kambu ranar 22 ga Nuwamba 1986 yana da shekara 20, a Yunin 1988 ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91. Kafin nan Cus D'Amato, dattijon da ya raine shi, ya rasu a 1985, manajansa Jim Jacobs ya rasu a 1988, kuma a shekarar ya rabu da kocinsa Kevin Rooney. Ginshiƙan gidan suka zube ɗaya bayan ɗaya.

Ranar 11 ga Fabrairu 1990 a Tokyo, Buster Douglas ya kumbura masa ido. Mutanen kusurwarsa ba su zo da ƙarfen sanyi da ake danna kumburi da shi ba, sai suka cika safar roba da ruwan ƙanƙara suna manna masa a fuska. Zakaran duniya ke nan, a wasan kare kambu. Aka buge shi a turmi na 10, shekararsa 23. A 1992 kotu ta same shi da laifin fyaɗe, ya yi shekara uku a kurkuku. A 2003 ya bayyana cewa ya tsiyace, bayan ɗaruruwan miliyoyin dalolin da suka bi ta hannunsa.

Idan mutum ya ga jikinsa ya gaza, me zai hana ya bari?

Abinci. Ɗan dambe ba shi da albashi, kuma a yawancin ƙasashe babu fansho. Daga kuɗin wasa manaja na iya ɗaukar har kashi ɗaya cikin uku, koci ya ɗauki kashi goma cikin ɗari, a biya abokan gwaji da haraji, saura kuma ga dangi na jira. Mutumin da ya bar makaranta tun yana yaro saboda dambe, ba shi da wata sana'a. Sunansa ne kaɗai jarinsa, kuma masu shirya wasa na sayen sunan don su gina wani sabon yaro a kansa. Amurka ta yi doka a 2000, mai ɗauke da sunan Muhammad Ali, don rage zaluncin kwangila, amma doka ba ta tsallake iyaka, wanda aka hana lasisi a wuri ɗaya yakan nemi wani wurin.

Abin bai yi nisa da mu ba. A Maris na 2025 Segun Olanrewaju, tsohon zakaran Najeriya da Afirka ta Yamma, ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa a Bukom da ke Accra, ya rasu. Shekararsa 40.

Akwai waɗanda suka fita da ƙafarsu tun da sauran ƙarfi?

Akwai, kuma namu na cikinsu. Hogan Bassey ɗan Kalaba ya ci kambun duniya na ajin kilo 57 a Paris a 1957, ɗan Najeriya na farko da ya yi haka. A 1959 wani Davey Moore, daban da wanda aka ambata a sama, ya doke shi sau biyu. Bassey ya ajiye safar hannu yana da shekara 27, ya dawo gida ya zama kocin 'yan damben ƙasa, ya rayu har 1998. Moore da ya karɓi kambun ya rasu a 1963 bayan wasansa da Sugar Ramos, yana da shekara 29.

Naseem Hamed, ɗan asalin Yemen da aka haifa a Sheffield, sau ɗaya aka taɓa doke shi, a hannun Marco Antonio Barrera a 2001. Ya ƙara wasa ɗaya a 2002 ya tafi yana da shekara 28, ya ce ciwon hannu ne ya dame shi. An yi ta zarginsa da cewa zuciyarsa ta mutu. Ni ban ga abin zargi a wurin mutumin da ya tafi da hankalinsa da dukiyarsa ba.

Wannan magana ta shafi damben gargajiya?

Ƙwaƙwalwa ɗaya ce, ko da safa aka doke ta ko da hannun da aka naɗe da zare. Damben gargajiya yana da sauƙi ta wata fuska: turmi uku ne, kuma da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, an gama, ba a ƙirga wa mutum goma a sake tura shi. Inda haɗarin yake shi ne yawan shiga fage. A damben zamani hukumomi na dakatar da wanda aka buge na wata ɗaya zuwa uku, har da hana shi damben gwaji. Wanda aka sumar a gidan dambe yau, aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, kalangu ya sake kiran sunansa jibi, yana bukatar irin wannan hutu ko da babu hukumar da ta tilasta.

Ɗana ya nace sai ya shiga damben zamani. Me zan duba?

Malam, kafin ka dubi yaron, je ka dubi kocin. Zauna a wurin atisaye kwana biyu uku. Ka ga ko yana haɗa yara da sa'o'insu a nauyi da gogewa, ko kuwa yana jefa sabon shiga gaban babba don a gwada zuciyarsa. Ka ga sau nawa ake damben gwaji a mako, da ko ana tsayarwa idan ƙafar yaro ta yi rawa. Ka tambaye shi ko ya taɓa jefa tawul ya tsayar da wasan ɗan wasansa. Hular kariya tana rage tsagewar fata, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza, kada ta ruɗe ka.

Ya daɗe a damben masu koyo kafin a yi maganar na kuɗi, kuma kada ya bar makaranta ko sana'a. Kada ya sa hannu a kwangilar da wani mai ilimi daga gidanku bai karanta ba. Kada a bar shi ya ƙi shan ruwa don sikeli.

Idan kuma ya dawo gida bayan ya sha duka a kai yana kukan ciwon kai da ke ƙaruwa, ko yana amai, ko yana maimaita tambaya ɗaya, ko barci na fizgarsa da rana tsaka, ko ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, kada a ce ya kwanta ya huta zuwa safiya. A kai shi asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton kai a wannan daren, kuma a gaya wa likita ƙarfe nawa aka doke shi.